Minti Arba'in na Alhaji Tankari

Ranar da labarin ya iso, Alhaji Tankari yana sunkuye ne a ƙofar masallacin Huaisheng yana neman takalminsa na ƙafar hagu. An idar da Juma'a, jama'a na ta kwararowa titin Guangta, sai ga Shitu yana ratsa mutane da waya a sama kamar mai tallarta.

"Alhaji! Bar takalmin nan, yau ko ba takalmi ka koma gida ba mai yi maka dariya. An naɗa Amira minista!"

Alhaji Tankari mutumin Maraɗi ne. Shekararsa goma sha bakwai a birnin Guangzhou na ƙasar Sin yana sayen yadi da atamfa a kasuwar Shahe, yana lodinsu zuwa gida. Shitu kuwa Bakano ne mai harkar takalma, amininsa, kuma irin mutanen nan ne da ba gwamnatin da za ta faɗi a duniya bai ce dama ya faɗa ba. Ita Amira 'yar Alhaji ce, 'yar fari. Tana da shekara goma sha tara ta samu tallafin karatu ta tafi wata ƙasa mai sanyi can arewacin Turai, ta yi karatun, ta zauna, ta shiga wata 'yar ƙaramar jam'iyya, har ta ci kujerar majalisa. Rabon da uban ya gan ta ido da ido shekara shida ke nan, tun rasuwar mahaifiyarta Habsatou.

To, da yake 'yar fari ce, tun ranar suna Alhaji bai taɓa furta sunanta ba. Haka ya tashi ya ga ana yi a gidansu, haka yake yi. In zance ya biyo ta kanta, sai ya ce "yarinyar nan", in kuma yana cikin nishaɗi ya ce "mutuniyar". Ko "ɗiyata" bai taɓa cewa a gaban mutane ba. Saboda haka ya ɗago ya dubi Shitu, ya ce, "To. Allah shi taya ta riƙo," ya koma neman takalmi. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, sai da suka kai bakin titi Shitu ya lura takalmin wani ya zura, baƙi a dama, ruwan ƙasa a hagu.

Suka zarce wurin Hajiya Barira, wata Bakanuwa mai tuƙa tuwo a hawa na huɗu na wani tsohon bene. Tun kafin a kawo miya Shitu ya buɗe makaranta.

"Ka gane, gwamnatin marasa rinjaye ce. Kujera ɗari da hamsin ce a majalisarsu. Jam'iyyu ukun da suka haɗu suka kafa gwamnati, har da ta su Amira, sittin da takwas gare su."

"Ai sun faɗi zaɓe ke nan," in ji Alhaji.

"Ba su faɗi ba. Ka taɓa yin lodi kayanka suka kasa cika kwantena?"

"Sau nawa kuma."

"Me kake yi?"

"Groupage. In nemo mai katan goma, in nemo mai katan ashirin, mu cike ta."

"To shi ke nan, ka gama digiri. Firaministan nan kwantenarsa ba ta cika ba. Duk dokar da zai yi, sai ya tsaya bakin sito yana lallashin mai katan biyar. Ka kuma san halin mai katan biyar, shi ne zai ce lallai sai an sa nasa a bakin ƙofa."

Hajiya Barira ta dire kwano tana dariya, ta ce in dai haka ne Allah ya raba ta da mulki, gara tukunyarta da ba ta shawara da kowa.

Da la'asar Amira ta kira ta bidiyo. Ta gaishe shi da Hausarta ta Maraɗi wadda sanyin Turai bai daskarar ba, ta ce ma'aikatar ciniki aka ba ta. Sannan ta faɗi abin da ya sa Alhaji ya gyara zama. A watan Oktoba za ta jagoranci tawagar ƙasarsu zuwa baje-kolin Kanton, a nan Guangzhou.

"Amma Baba, ka yi haƙuri. Masu tsara tafiyar sun cika kwanakin maƙil. Na yi ta faɗa da su, da ƙyar na ƙwato mana minti arba'in ranar Alhamis, tsakanin abincin rana da wani taro."

"Minti arba'in ai da yawa," in ji shi. "Da babu gara ba daɗi."

Tana kashewa ya jawo wata tsohuwar takardar lodi, ya juya bayanta, ya fara rabon mintocin kamar mai rabon gado. Biyar na gaisuwa. Goma na tuwon Hajiya Barira, don ya san ba ta samun miyar kuka a can. Goma na jama'a su gan ta su yi hoto. Goma ya ba ta labarin gida, wa ya haihu, wa ya rasu. Biyar na ƙarshe ya daɗe bai rubuta ba, sannan ya sa: saƙon uwarta. Awarwaro ne na azurfa da Habsatou ta cire daga hannunta a asibiti, ta ce ya ba yarinyar hannu da hannu. A rikicin zaman makoki bai samu ƙarfin zuciyar bayarwa ba, ta koma. Mutumin da yake aika kwantena guda ta teku hankalinsa kwance, shekara shida ya ƙi yarda ya sa awarwaro ɗaya a cikin saƙo.

Sai kuma maganar anko. A wurinsu in aka yi wa mutum naɗi, dole a buga atamfa da hotonsa, dangi da masoya su ɗinka su fito ranar tarba. Alhaji ya sha buga wa wasu, masu neman kujera da masu murnar samu. Yau abu ya zo gidansa, ai ba za a ji kunya ba. Washegari ya ja Shitu suka tafi wurin Madam Liyang, mai ƙaramar masana'antar buga yadi a bayan Shahe. 'Yar gajeruwar mace ce mai tabarau a goshi. Shekara goma suna aiki tare, har ta tsinci Hausar ciniki, sauran kuma su cike da Turancin kasuwa da nuni da hannu.

Suka zaɓi kore shar. Jiragen ruwa da kwantenoni a jere, hoton Amira a tsakiyar da'ira, a ƙarƙashinsa wani ɗan kirtani da za a yi rubutu a ciki.

"Lawban, suna?" in ji Madam Liyang, ta riƙe biro. Lawban shi ne maigida a bakinsu.

"Sa Ministar Ciniki."

"Suna fa?"

"Meyo," in ji Alhaji, wato babu. "Muƙamin ya isa."

Shitu ya ƙunshe dariya. Ya san abokinsa sarai, muƙamin nan ya zame masa inuwa. Zai iya cika gari da hoton 'yarsa, ya yi ta cewa minista, minista, ba tare da kowa ya kama shi yana alfahari da 'yar fari ba.

An buga gwaji, yadi biyu, ya yi kyau har Hajiya Barira ta ce ita za ta fara ɗinkawa. Ba a yi sati uku ba Shitu ya faɗo shagon Alhaji da ke unguwar Liwan ko sallama bai gama ba.

"An yi garambawul!"

"Remaniement?" in ji Alhaji da Faransanci. "Tun yanzu?"

"Kasafin kuɗi ya maƙale musu a majalisa. Wata jam'iyyar manoma mai kujera tara ta ce za ta shigo gwamnati, amma sai an ba ta ciniki. Na gaya maka halin mai katan biyar."

Alhaji ya ce, "Ita yarinyar fa?"

"An mayar da ita ma'aikatar kifi da teku."

Dariya ta ƙwace wa Alhaji har yana riƙe ciki. "Teku? Ruwan da ta sani shi ne gulbin Maraɗi, shi ma wata uku yake gudu shi kwanta. Kifin da ta ci tana yarinya busasshe ne, a kwali ake kawo shi."

Amma dariyar ba ta kai ciki ba sai da ya ji daga bakinta. Ta ce kada ya damu, tana cikin tawagar, domin ƙasarsu na son sayar wa Sin kifi. Ba ita ce shugaba ba yanzu, amma minti arba'in ɗinsu na nan ba wanda ya taɓa. Ya shafa aljihun da takardar take, ya ce alhamdulillahi.

Suka koma wurin Madam Liyang. Ta saurari bayani, ta sauke tabarau daga goshi zuwa hanci, ta ce a nuna mata ƙasar a taswira. Aka cire kwantenoni, aka zuba kifaye. Kore ya koma shuɗi. Da Alhaji ya ce a rubuta Ministar Kifi da Teku, sai ta girgiza kai.

"Zane, yau. Hoto, yau. Rubutu, ranar ƙarshe. Gwamnatin nan tana motsi da yawa."

Tun daga ranar Madam Liyang ta kamu da ciwon Shitu. Ta sa wayarta tana fassara mata labaran wata ƙasa da a da ko sunanta ba ta sani ba. In sun je duba aiki, sai ta tare Shitu da musu a kan ko jam'iyyar manoma za ta daɗe, shi yana cewa za ta kai baɗi, ita tana cewa ko sanyi ba za ta gani ba. Alhaji ya zauna a kan dilar yadi yana kallonsu, Bakano da Basiniya suna jayayya da hannuwa a kan kujerun mutanen da ba su san da zamansu ba. Atamfar kuwa ta fito, turmi sittin, shuɗiya mai kifaye, Amira na murmushi a tsakiya, kirtanin ƙarƙashinta fari fat ba rubutu.

Saura kwana goma sha biyu tawagar ta sauka, da la'asar sakaliya, wayar Alhaji ta yi ƙara. Ba Shitu ba ne. Madam Liyang ce ta riga shi.

"Lawban, kana zaune?"

"Mi ya faru?"

"Sun sake. Sabon jeri ya fito. Na karanta sau uku. Sunanta meyo."

Shitu ya iso bayan rabin awa, wannan karon da sallama, a hankali. Ya ce gwamnati ta sha kaye a wata ƙuri'a, firaminista ya jawo wata jam'iyyar mutanen gaɓar teku mai kujera huɗu, su kuma suka ce ba abin da suke so sai kifi. Ba a samu inda za a sa Amira ba. Bai ƙarasa ba, don Alhaji ya riga ya gane sauran. Tafiya ta muƙami ce. Wanda ya gaji kujerar shi zai hau jirgin. Alhaji ya kira Amira sau biyu, wayar a kashe.

Washegari da hantsi shagon ya cika da masu jaje. Mutanen Maraɗi da na Yamai, Kanawa, har da 'yan Gana biyu masu harkar waya. Kowa ya shigo ya tsuguna ya ce ya muka ji da wannan abu, mulki rigar aro ne, Allah ya sa haka ya fi alheri. Hajiya Barira ta aiko da kunu a fulas. Alhaji yana amsawa da amin, yana godiya, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Sai da mutane suka ɗan ragu bayan azahar ya jawo takardar nan daga aljihu ya shimfiɗa ta a gwiwa.

"Malam Shitu, wallahi ba kujerar nike ma baƙin ciki ba. Su riƙe kifinsu. Minti arba'in ɗina suka ɗauke."

Shitu, mai amsar kowace tambaya a duniya, ya jawo fulas ɗin. Ya zuba masa kunu ya miƙa.

Wajen la'asar, wani rukunin masu jajen ya sake cika shagon, wayar ta yi ƙara. Amira ce. Alhaji ya gyara murya, ya shirya kalaman ba da haƙuri, ya danna. Sai ga ta a kicin ɗinta, ɗankwali a karkace, kofin shayi a hannu, tana dariya.

"Baba, ina kwana? Yi haƙuri na kashe waya, 'yan jarida ne suka dame ni. Barci na yi na awa goma sha ɗaya. Rabona da irinsa tun kafin a naɗa ni."

"Sai haƙuri," in ji shi. "Haka Allah ya..."

"Haƙurin mi? Kujerata ta majalisa tana nan, wannan jama'a suka ba ni, ba mai garambawul da ita. Kuma majalisa za ta tafi hutu. Baba, akwai ɗaki a gidanka?"

"Ɗaki?"

"Na yanki tikiti. Ranar da aka sa ɗin nan zan sauka, amma ni kaɗai, ba tawaga, ba masu riƙe mini agogo. Sati uku zan yi."

Ya ce, "Sati nawa?"

"Uku."

Wayar a bayyane take, kowa ya ji. Wani dattijo ɗan Yamai da ya ɗaga hannu zai ja addu'ar jaje ya tsaya da hannuwan a sama, bai san wacce zai ja ba. Shitu ne ya fara fashewa da dariya, ya ce shekararsa hamsin da biyu bai taɓa zuwa jaje ya tashi da barka ba. Dattijon ya ce wani hani ga Allah baiwa ne, ya juya addu'ar ta koma ta godiya. Alhaji kuwa ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya shiga rabon dabinon da ya ajiye don azumin nafila. Murna ta kama shi irin wadda bai yi ba ko ranar naɗin, har yana yi wa firaministan addu'a Allah ya cika masa kwantenarsa.

Saura atamfa. Suka isa wurin Madam Liyang da safe, turmi sittin na jibge, kirtani fari yana jira. Alhaji ya ce a rubuta Tsohuwar Minista.

"A'a," in ji ta. "Gobe su mayar da ita, ka dawo ka ce in goge."

"To sa 'Yar Majalisa."

"Gwamnatin nan in ta faɗi, sabon zaɓe. Lawban, sau biyu na yi maka zane. Ba ni abu ɗaya da ba ya canzawa."

Ta tura masa takarda da biro. Alhaji ya dubi Shitu, irin kallon nan na taimake ni. Shitu ya kama haɓa ya ce haƙori ke damunsa tun asuba, ba ya iya magana, hannunsa ma ya sage.

"Kai dai mugun mutum ne," in ji Alhaji.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Alhaji," in ji mai ciwon haƙori.

Ya daɗe da biron a hannu. Inji na ta ruri a ciki, fanka na kaɗa gefen atamfar, fuskar yarinyar na ɗagawa tana sauka sau sittin. Ya tuna ranar da aka haife ta, yadda ya fita ya bar gidan wai shi kunya, ya zagaya ta bayan katanga yana sauraron kukanta. Ya tuna kakarta tana cewa ɗan fari na dangi ne, uba ba ya nuna shi. Shekara talatin da takwas yana biyayya. Ya sunkuya ya rubuta kalma uku da manyan baƙaƙe, ya kife takardar, ya tura wa Madam Liyang, ya fice waje wai zai amsa waya, alhali ba wanda ya kira shi.

Teloli uku 'yan Afirka da ke unguwar suka sha aiki a kwana goman nan. Ranar Alhamis da hantsi mutum arba'in da wani abu suka tsaya a zauren masu sauka na filin jirgi, shuɗi shar, kifaye na iyo a kan riguna da zannuwa da ɗankwalaye. Madam Liyang ma ta zo da tata 'yar riga mai gajeren hannu. Matafiya na wucewa suna ɗaukar su hoto, wani ma'aikaci ya matso ya tambaya ko ƙungiyar masunta ce.

Ta fito tana jan akwati ɗaya da kanta, doguwar riga da mayafi, ba mai riƙe mata jaka. Ta hango shuɗin ta tsaya cak. Ta ga fuskarta a ƙirjin mutum arba'in, ta sa hannu ta rufe baki tana dariya. Hajiya Barira ta rangaɗa guɗa har wani ɗan sanda ya waiwayo. Amira ta ƙaraso ta durƙusa a gaban uban ta gaishe shi, ya ce, "An sauka lafiya? Ya hanya?" yana kallon wani allo can sama kamar shi ma jirgi yake jira. Da ta miƙe idonta ya sauka a kan kirtanin da ke gaban rigarsa. Ta karanta. Ta kama gefen rigar ta sake karantawa.

AMIRA ƊIYAR TANKARI.

Dariyar ta tsaya. Ta san gidan da ta fito, ta san abin da kalmomin nan suka ci kafin su fito.

"Baba, kai ka rubuta?"

"Madam Liyang ce ta matsa," in ji shi, har yanzu idonsa na kan allon.

"Hannunsa," in ji Madam Liyang daga baya. "Takardar tana wurina, ba zan yar ba."

Amira ta goge ido da bakin mayafi, ta ce a ba ta nata turmin, ba za ta shiga gari ita kaɗai ba anko ba. Hajiya Barira ta zare wani zane daga jaka ta yafa mata a kafaɗa.

A hawa na huɗu, wurin Hajiya Barira, an haɗa tebura uku, duk da haka wasu a tsaye suka ci. Tuwon shinkafa, miyar kuka da man shanu, ga yaji a gefe. Amira ta wanke hannu ta zauna kusa da uban. Shitu ya samu abin da yake so, minista sukutum a gabansa, ya shiga yi mata bayanin gwamnatinta da misalin kwantena. Ta yi dariya har ta ƙware, ta ce da za ta kai shi majalisarsu da an huta da masana. Madam Liyang ta ce a tambaye ta ko jam'iyyar manoma za ta kai sanyi. Amira ta ce da wuya. Madam Liyang ta dubi Shitu ta ɗaga haɓa.

Ana cikin haka wayar Amira ta haska a kan tebur. Ta duba, ta ɗan ɗaga gira.

"Ofishin firaminista ne."

Ɗakin ya yi tsit. Shitu ya miƙe tsaye da loma a hannu. "Ranki ya daɗe, ɗauka! Wallahi wani ya fice musu, wata ma'aikatar ce za su ba ki!"

"Kar ki ɗauka," in ji Madam Liyang. "Yadi ya ƙare."

Hannun Alhaji ya tsaya a bakin kwano. Ya san in suka ce ta dawo gobe, ba zai hana ta ba, kuma ba zai nuna ba. Amira ta dube shi, ta dubi wayar. Ta rubuta 'yan kalmomi ta aika, ta kife ta a kan tebur.

"Na ce musu ina wurin babana, in maganar za ta iya jira sati uku ta jira, in ba za ta iya ba su ba wani. Hajiya, akwai sauran miya?"

Hayaniya ta dawo har ta fi ta da. Shitu ya zauna yana salati, yana cewa shi dai bai taɓa ganin an kife wa gwamnati waya a kan tuwo ba.

Alhaji ya saci kallon agogonsa. Tun da suka zauna minti arba'in da bakwai ke nan. Ya laluba aljihu, takardar na nan, ta yi laushi saboda ninkewa, awarwaron na ƙarƙashinta a ƙulle cikin hankici. Ba a yi labarin gida ba, ba a yi hoto ba, ko gaisuwar kirki ba su gama ba. Da tsarin farko ne, da yanzu wani mai kwat ya zo ya tsaya a kanta, da yanzu yana kallon bayan mota. Ga ta nan kuwa ta naɗe hannun riga, tana gutsurar tuwo da sauri irin na wanda ya saba ana jiransa. Ya bar awarwaron a inda yake, gobe ma rana ce, jibi ma haka. Ya gyara murya.

"Amira."

Bai ɗaga murya ba, amma duk wanda ke teburin ya ji. Hajiya Barira ta tsaya da ludayi a sama. Amira ta juyo a hankali, lomar na hannunta.

"Na'am, Baba."

"Ci a hankali," in ji shi, ya tura mata kwanon man shanu. "Ba inda za ki."